Ko shinkafa na tuna zafin da ta sha?

Shehu: Assalamu alaikum jama'a. Alhaji Garba ya turo saƙon murya na minti bakwai da asuba, na kuma san da yawanmu ba za su buɗe ba saboda data. Ga abin da ya ce a taƙaice: rani mai zuwa ba zai sayi sabon iri ba. Zai ɗebi iri daga gonarsa ta bakin gulbi, wadda ta yi fure a tsakiyar Afrilu ta sha rana, domin a cewarsa shinkafar da ta ɗanɗani zafi tana tunawa, 'ya'yanta kuma sukan fito da juriya. Ya ce Bello ya tabbatar masa masana ma sun gano haka. To, ga fili ga mai doki. A yi da mutunci.

Alhaji Garba: Wa alaikumus salam. Shehu ka rage mani magana amma ba ka ɓata ta ba. Shekara talatin da ɗoriya ina cikin fadamar Argungu. Ɗan da anka raina cikin rana ba ɗaya ya ke da wanda anka raina ƙarƙashin fanka ba. Haka shinkafa. Wadda tat tsira daga ranar bana, ta san rana.

Malam Sani: Ranka ya daɗe, kafin mu kai ga wadda ta tsira, buhu nawa gonar ta ba ka?

Alhaji Garba: Bakatsine ba ya tambaya sai inda ciwo ya ke. 28, inda na saba 40. Sauran ƙaiƙayi, iska ya tahi da shi wurin shiƙa.

Malam Sani: To bari in faɗi yadda buhu 12 suka tafi. Furen shinkafa sau ɗaya yake buɗewa, da hantsi, na ɗan lokaci kaɗan. A wannan lokacin ne jakar bununi take fashewa, bununin ya zuba a kan macen furen. Idan zafin da ke jikin zangarniya ya kai wajen digiri 35 a daidai lokacin, awa guda ma ta isa: jakar ba ta fashewa yadda ya kamata, ƙwaya ta tashi fanko. Zangarniya ɗaya kuma kusan mako take ɗauka tana fure, daga sama zuwa ƙasa. Saboda haka ƙwayar da ta cika, mai yiwuwa ranar da ta buɗe an ɗan samu iska ne, ko ta riga rana fitowa, ko gindinta na cikin ruwa sosai. Sa'a ta yi, Alhaji, ba karatu ba.

Bello: Malam Sani, da girmamawa, abin ya wuce sa'a. Ni na gaya wa Kawu, kuma ban ƙirƙira ba. Akwai ƙananan RNA a jikin shuka, ana ce musu maikuro-RNA. Ɗaya daga cikinsu, miR156, shi ke sa shuka ta riƙe tunanin zafi. An nuna wannan a Jami'ar Fotsdam ta Jamus a 2014. Kuma ba ƙaramin ilimi ba ne, a kan maikuro-RNA aka ba Victor Ambros da Gary Ruvkun lambar Nobel ta 2024.

Umaru Augie: Ni dai an bar ni a tasha. Mi ne RNA? Taki ne ko cuta?

Dakta Hauwa'u: Salamu alaikum, yanzu na fito daga aji na tarar da ku. Malam Umaru, ba taki ba ne, ba cuta ba ne, kuma yau ma ka ci shi a tuwo. Kowace ƙwayar halitta ta shuka tana da kundin gado, DNA, wanda ba ya barin ɗakinsa. Idan ana bukatar wani furotin, sai a kwafo shafin da ya dace a kan takarda mai saurin lalacewa, wato RNA ɗan aike, a kai ta inda ake ƙera furotin. Ƙananan da Bello yake magana a kansu ba sa ƙera komai. Guntaye ne masu haruffa 20 zuwa 24, galibi 21. Kowanne yana riƙe da kamannin wata takarda, wani furotin mai suna Argonot yana ɗauke da shi. In suka gamu da takardar da haruffanta suka dace, sai a datse ta, saƙon ya mutu a hanya. Aikin dogari ne a ƙofar fada. A jikin wata 'yar tsutsa aka fara ganinsu a 1993, a tsirrai kuwa sai 2002.

Umaru Augie: Wato kamar ban-ruwa. Ruwa guda ne cikin magudana, kai ne da fartanya kake toshe wannan fangali ka buɗe wancan.

Dakta Hauwa'u: Ka fi ni iya misali. Sai dai shi toshewa kaɗai ya iya, amma ka san in ka toshe nan, can ne ruwa zai ƙaru. Ga wanda ya fi ba ni mamaki, miR398. Ganye idan ya wahala, wata guba da ake samu daga iskar oksijin tana taruwa a cikinsa, akwai kuma furotin masu share ta. Hankali zai ce in zafi ya zo a ƙaro masu shara. Abin da aka gani a 2013 akasin haka ne: zafi yana ta da miR398, shi kuma ya datse saƙon masu sharar, guba ta ɗan taru. Wannan taruwar ita ce gangar da ke ta da furotin masu tsaron zafi, waɗanda ke tallafe sauran furotin kada su dunƙule kamar ƙwai a tukunya. Da aka samar da shukar da miR398 ba ya iya datse saƙonta, sai ta fi sauran ƙonewa, har furenta. Wato shuka da kanta take barin hayaƙi ya ɗan tashi don 'yan kwana-kwana su farka.

Alhaji Garba: Allahu Akbar. Dakta, to ai kin gama shari'a. Shuka na da dabara.

Dakta Hauwa'u: Dabara kam akwai, Baba. Amma maganarka ƙafa biyu gare ta. Ta farko, shuka na tuna zafi. Ta biyu, tana gadar wa 'ya'yanta. Aikin 2014 da Bello ya kawo, ƙafar farko kaɗai ya tsayar, ita ma da sharaɗi. An ɗauki jariran tsiro aka ba su zafi matsakaici, aka bar su suka huta, bayan kwana biyu zuwa uku aka ba su zafi mai kisa. Waɗanda suka ɗanɗana a baya suka rayu, sauran suka mutu. MiR156 ne yake danne wasu ƙwayoyin gado na girma, wato wasu shafuka na kundin nan, furotin masu tsaro su daɗe ba su janye ba. Tunanin na 'yan kwanaki ne, sannan ya dushe. Kuma ba shinkafa ba ce, wani ɗan haki ne dangin kabeji, Arabidofsis, da ake reno a faranti cikin ɗakin bincike. Daga kwana uku a faranti zuwa wata takwas a rumbu, tafiya ce mai nisa.

Malam Sani: Na gode Dakta. Abin da nake ta faɗa ke nan tun safe ba tare da Turanci ba.

Bello: A'a Malam, kada a rufe da wuri. Dakta, Allah ya ƙara ilimi, amma akwai aikin 2019 na masana a ƙasar Sin, shi ma a Arabidofsis. An bar iyaye cikin zafi na tsawon lokaci, aka shuka 'ya'yansu a wuri mai sauƙi, sai aka ga alamar zafin ta bi su. A cikin sarƙar abin har da wani rukuni na ƙananan RNA da zafi ya rage yawansu. Wannan ba gado ba ne?

Dakta Hauwa'u: Gado ne, na ba ka wannan, kuma na ji daɗi da ka karanta. Na yi saurin barin ƙafa ta biyu ba madogara. Amma ƙarasa wa Kawunka abin da 'ya'yan suka gada.

Bello: Sun riga lokaci yin fure. Kuma garkuwarsu ga cuta ta yi rauni.

Hajiya Kulu: Ikon Allah. Wato an bar masu gadon gaggawa da laulayi.

Dakta Hauwa'u: Haka ne Hajiya. Uwa ta sha wuya, 'ya'ya suka fito suna sauri su haihu kafin wuya ta cim musu, suka rage kashe ƙarfi wajen kare kai. Ga haki a daji wannan dabara ce. Ga manomin da ke jiran buhu, ba lallai ta zama riba ba. Akwai ma labarin da ya juya maganar gaba ɗaya. A cikin kundin gadon wannan hakin akwai wani yanki mai tsalle-tsalle da aka sa wa suna ONSEN, kalmar Japananci ce ta maɓuɓɓugar ruwan zafi. Zafi ne ke ta da shi ya fara kwafar kansa. A 2011 aka nuna cewa a shuka mai lafiya ƙananan RNA ne ke hana kwafin nan shiga kundin 'ya'ya. Sai a shukar da aka lalata mata hanyar yin su ne aka ga ya bi zuriya. Kun ga ke nan wani ɓangare na aikinsu shi ne su wanke allo, kada tabon zafin uwa ya bi ɗa.

Alhaji Garba: Ni ban san onsan ba. Abin da na sani, iyayenmu ba su taɓa sayen iri ga kamfani ba. Daga gona su ka ɗiba, shekara bayan shekara, kuma irin na ƙara sabawa da ƙasa. Ko shi ma ƙarya na?

Malam Sani: Gaskiya ne, amma zaɓe ne ba tuni ba. Irin iyayenmu gauraye yake, kowane gindi da halinsa. Idan rana ta kashe masu rauni, masu ƙarfi suka rage, kai kuma ka ɗebi iri daga gare su, bayan shekaru ka tace iri mai juriya. Halin dama yana cikin jininsu, rana tankaɗe kawai ta yi. Kai kuwa FARO 44 ka shuka. Iri ne da aka riga aka tace shi har gindi ya zama kamar gindi. Me rana za ta zaɓa a cikin tagwaye?

Bello: Malam, irin Kawu shekara huɗu ke nan yana juya shi, kuma a shimfiɗa ɗaya ake bugu da na maƙwabta. Ba tagwaye ba ne yanzu.

Malam Sani: To ka ƙara ba ni hujja. In ya ga bambanci, daga gaurayen ne. Kuma gaurayen nan shi ne ke sa gona ta ƙi nuna tare, rabi ya bushe rabi na ɗanye.

Hajiya Kulu: Ku bar ni in sa baki, tunda ni ka sayen shansherar ku in turara. Shinkafar da tan nuna cikin zafin Afrilu da Mayu, ko ba a gaya mani ba ina gane ta. Cikinta fari kamar alli, ba nauyi, in ta shiga inji rabi tsaki ta ka komawa. Abin da bai cika cikinsa ba, shi za a ce ya fi ƙarfin haihuwa? Alhaji, in kaza ta sha yunwa ba ƙwanta a ka zaɓa a sa ma kwanci ba.

Alhaji Garba: Hajiya, ke da kin ka rage mani kuɗin buhu kan wanga dalili, dole ki ce haka.

Hajiya Kulu: Kuma bana ma zan rage.

Umaru Augie: Tunda an zo nan, bari in tona kaina. Watan jiya wani ya zo kasuwa da kwalabe, ya ce maganin zafi ne na zamani, RNA ne a ciki, in ka fesa shinkafa ba ta fanko. Na sayi biyu. Na fesa. Fanko kam na samu kamar kowa.

Dakta Hauwa'u: Allah ya mayar da alheri, Malam Umaru. Feshin RNA abu ne da yake akwai: a ƙarshen 2023 Amurka ta amince da wani da ake fesa wa dankalin Turawa. Amma maganin ƙwaro ne, ƙwaron ya ci ganye, RNA ɗin ya datse wani saƙo a jikinsa ya mutu. Ba ruwansa da zafi. RNA kuma abu ne mai saurin lalacewa, kwalbar da ta wuni a rana kan tebur a kasuwa ba ta da labari. Sannan ko da za a iya cusa wa shinkafa miR156 mai yawa, ba za ka so sakamakon ba. An gwada ta hanyar sauya ƙwayar gado: gindi ya yi 'ya'ya barkatai, fure ya makara, zangarniya ta ƙanƙance. Guntu ɗaya ƙofofi da yawa yake tsaro. Wani ma, miR159 na alkama, da aka ƙara yawansa a shinkafa sai ta fi jin zafi. Ba kowane dogari ne ake so ya yi yawa ba.

Nasiru: Ni tsorona ɗaya. Duk wannan magana ba share fage ba ce a kawo mana irin da aka sauya wa halitta, kamar masarar TELA da aka sako a 2024?

Shehu: Nasiru, waccan muhawarar mun yi ta kwana uku har mutum biyu suka fita daga zaure. Kada a maido ta yau.

Dakta Hauwa'u: Jimla ɗaya kawai, Malam Shehu. Ƙananan RNA suna cikin gero da dawa da kuka tun ran da aka halicce su, ba wanda ya sa su. Masu kiwon iri za su iya amfani da saninsu ta hanyar aure tsakanin iri da iri ma, ba sai an sauya komai ba. Kuma inda ilimin ya fi kusa da matsalar Baba shi ne cikin jakar bununin nan da Malam Sani ya ambata. Jakar bununin shinkafa da ta masara cike suke da wasu rukunoni na waɗannan guntaye. A 2020 an nuna masarar da aka hana ta yin masu haruffa 24: a ɗumin da masara ta saba, namijin furenta bai haihu ba, da aka rene ta a wuri mai sanyi-sanyi sai ya haihu. Wato suna cikin abin da ke riƙe haihuwar shuka idan yanayi ya ɗumama. Nan ne nake sa ido, ba kan kwalba ba.

Alhaji Garba: To yanzu duk kun taru kun ce tsoho bai san komi ba.

Dakta Hauwa'u: Wane ni, Baba. Bari ma in ba ka abin da za ka riƙe. Jar shinkafar nan ta gargajiya da iyayenku suke shukawa a ruwa mai zurfi, yawancinta jinsin Afirka ce, wadda aka fara nomawa a yankin kogin Neja shekaru kusan 3,000 da suka wuce. FARO 44 jinsin Asiya ce. A 2015 masana a Sin sun ciro wata ƙwayar gado ta jure zafi, TT1, daga shinkafar Afirka, suka kai ta cikin ta Asiya ta ƙara juriya. Ita ba ƙaramin RNA ba ce, aikinta kwashe furotin da zafi ya lalata. Amma juriyar gaske ce, mai bin zuriya, kuma zaɓen manoma irin iyayenka ne ya adana ta. Shinkafar da ake kira NERICA ma daga auren jinsunan biyu Monty Jones ɗan Saliyo ya fitar da ita.

Alhaji Garba: Kun ji ko? Sinawa sun zo sun ɗauki ta kakana, ni kuma an ce in sayi ta kamfani. Akwai sauran ta wurin wani tsoho can wajen Suru, in dai bai cinye ba. Amma fa gaskiya zuba ta ka yi tun kan a yanke, kuma ba ta cika buhu.

Malam Sani: Shi ya sa aka bar ta. Ni dai shawarata ba ta canza ba, kuma kyauta ce: kalanda. FARO 44 kusan wata huɗu take yi, fure kuma wajen wata guda kafin yanka. Wanda ya zuba iri a tsakiyar Janairu ya aika furensa cikin bakin Afrilu da hannunsa. Ba ranar kaɗai ba, har daren. A cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin an auna a 2004 cewa duk ƙarin digiri 1 a zafin dare yana rage amfanin rani da kusan kashi 10 cikin 100. Ku zuba iri da wuri, fure ya fito kafin bazara ta kankama. Kuma makon fure kada gona ta rasa ruwa ko na wuni ɗaya. Iskarmu busasshiya ce, shukar da ke da ruwa tana gumi, zangarniya ta fi iskar da ke kewaye da ita sanyi.

Umaru Augie: Malam, a takarda da sauƙi. A Disamba rabin fadamarmu ruwa bai janye ba, wani bai gama bugun ta damina ba. In ka zuba iri cikin hunturu kuma sai ya zauna ya yi ja, sati uku kamar ba ya motsi. Ruwan makon fure kuma fetur ne, fetur kuɗi ne, lokacin kuma aljihu ya riga ya huje.

Malam Sani: Ban musa ba. Sanyi ma yana sa fanko in ya kama ta tana da ciki. Tsakanin sanyi da zafi ƙofa ce ƙarama, ko mako biyu ka matso ka rage asara. Batun fetur kuwa, gara ka rage faɗin gona ka iya shayar da ita.

Bello: Ni har yanzu ban ga an kayar da Kawu ba. An ce ba a shinkafa aka nuna ba. Ba a ce an gwada a shinkafar Argungu an ga babu ba.

Dakta Hauwa'u: To ku gwada mana, ai gona gare ku. Baba, ka ware fangali shida a jere. Uku irinka na Afrilu, uku sabon FARO 44 mai takardar shaida, a sarƙe su ɗaya bayan ɗaya, kada naka ya kwashe gefen gulbi. A zuba rana ɗaya, a dasa rana ɗaya, taki ɗaya, ruwa ɗaya. Ran yanka Bello ya ciri zangarniya 20 daga kowane fangali ya ƙirga cikakku da fanko. Ba zai gaya mana ko RNA ne ba, amma zai gaya mana wanne iri ya fi. Kafin nan ma, ƙirga ƙwaya 100 daga irin naka ka naɗe a jiƙaƙƙen buhu, bayan mako ka ga nawa suka tsira. In ba su kai 80 ba, kada ka dogara da shi ga sauran gonar.

Hajiya Kulu: A kawo mani tiya guda daga kowane, kada a gaya mani wanne ne wanne. Inji zai faɗi tsakin kowa.

Alhaji Garba: Na yarda da shida. Sauran gonar kuma raba ta za ni yi biyu, ba don kun rinjaye ni ba, don kuɗin iri ya yi tsada. Amma Bello ba zai yi ƙirga shi kaɗai ba, ɗana na, za a ce ya yi mani kara. Bakatsine ya zo ya zauna cikin rana ya ƙirga da hannunsa.

Malam Sani: Zan zo, ranka ya daɗe. A tanadar mani kifi, ba ƙaiƙayi ba.

Shehu: Na rubuta: fangali shida, ƙwaya 100, Malam Sani da Bello masu ƙirga, Hajiya mai inji. Umaru, turo hoton kwalbar nan a zaure mutane su gane ta kafin ranar kasuwa.